An sabunta motar, me ya sa har yanzu take mutuwa a hanya?

Tambaya: Na sayi MGB, tsohuwar motar Birtaniya, ƙirar 1969 wadda aka ce an kwance ta kakaf an sabunta ta. Fenti sabo, kujeru sababbi, inji ma an ce sabon ɗauri ne. Amma tun da ta zo hannuna ban huta ba. Idan ta ɗau zafi sai ta mutu a tsakiyar hanya, in an jima kuma ta tashi kamar ba ita ba. In ta kwana biyu a ajiye batir ya sauka. Tana ɗigar da baƙin mai, birkin gaba yana kamawa, allurar zafi tana hawa a cunkoso. Na canza kaya da yawa, ba ta daina ba. Cutata aka yi, ko haka tsofaffin motoci suke? In sayar ko in haƙura?

Amsa: Malam, sannu da fama. Na san irin takaicin nan, mutum ya zuba kuɗinsa da burinsa a kan mota, ya fito da ita tana ƙyalli, sai ga shi a gefen titi bonet a buɗe ana wucewa ana kallonsa. Amma daga abin da ka lissafa ban ga shaidar an cuce ka ba, ban kuma ga dalilin sayarwa ba tukuna. Abin da na gani shi ne mota da aka gama haɗawa amma ba a gama gyarawa ba. Mafi yawan masu sabunta mota a haɗawar suke tsayawa, domin ita ido ke gani, ita mai saye ke biya wa kuɗi. Gyaran kuwa a kan hanya ake yin sa, ana tafiya, abu yana nuna kansa, ana bin sa har a kai ga tushensa. Wannan aikin ne ya faɗo a kanka ba tare da an gaya maka ba.

Ka fara sanin inda sabuntawa take mayar da mota. In an yi ta da kyau ƙwarai, iyakarta ta mayar da motar yadda ta fito daga masana'antar Abingdon da ke Ingila a 1969. To ita kanta sabuwar MGB ta wancan zamani mota ce mai neman hannu kullum. Littafinta ya ce a sa giris a ƙafafun gaba duk mil 3,000, a canza baƙin mai duk mil 6,000, a duba tazarar kwantak a mayar da ita inci 0.015, a duba tazarar bawul, a ƙara mai a kan kafiretocin kamfanin SU guda biyu, a duba ruwan batir. An ƙera sama da 500,000 tsakanin 1962 da 1980, mutane kuma sun yi ta zuwa aiki da su kullum, amma da sharaɗin wannan hidimar. Motar zamani ta sabar mana da wani abu dabam: kwamfutarta tana daidaita mai da wuta a kowane lokaci, ba ka ma san tana yi ba. A taka motar, ƙusa da sifirin da ɗan roba ne ke riƙe da wannan daidaito, kuma suna gocewa a hankali da tafiya. Gocewarsu ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su, an kuma ɗauka cewa mai motar zai riƙa mayar da su.

Sai kuma abin da kwancewar kanta ta jawo. Duk notin da ke jikin motar an kwance shi an mayar, duk waya an cire ta an sake haɗawa, duk tiyo an sake ɗaure shi, kuma mutum ɗaya ko biyu ne suka yi, wataƙila cikin shekaru, ana yi ana ajiyewa. Masana ingancin na'ura sun daɗe da sanin cewa matsala takan yi yawa a farkon rayuwar na'ura, ta lafa a tsakiya, ta sake yawa a tsufa. Motarka ta koma farkon. Da yawa daga masu sabuntawa ba sa tafiya da motar fiye da 'yan mil kaɗan, don tsoron kada tsakuwa ta taɓa fentin, saboda haka mil 1,000 na farko da ya kamata su yi, kai kake yin su yanzu. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko an sake ɗaure notunan kan silinda bayan mil 500 na farko, ko an sake auna bawul bayan nan. In bai sani ba, ka ɗauka ba a yi ba.

Ka ce ka canza kaya da yawa. Ina roƙonka ka dakata da wannan daga yau. Sabon kaya na tsofaffin motoci ba duka ne ke da ingancin na asali ba, musamman ƙananan kayan wuta da kayan roba. Kwandansa sabuwa fil a kwalinta takan mutu cikin 'yan makonni. Akwai rota na distiributa da ake yi da ƙusa mai tsayi a tsakiya, wuta ta riƙa bi ta cikin baƙin robar tana sauka a sandar distiributa maimakon ta tafi filogi, kuma sai ya yi zafi yake nuna halinsa. Mutum ya cire kayan asali mai lafiya ya sa irin wannan, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, ga shi kuma yanzu matsala biyu ke gare shi yana tsammanin ɗaya ce. Kada ka jefar da tsofaffin kayan da ka cire. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, bayan ka auna ka tabbatar shi ne, ka kuma rubuta a ɗan littafi ranar da mil ɗin da abin da ka taɓa.

Bari mu zauna a kan mutuwar da take yi in ta yi zafi, don ita ce ta fi cin rai, kuma ita ce aka fi ɓata kuɗi a kanta a banza. Wahalar wannan matsala ita ce kafin bakanike ya iso motar ta huce, ta tashi, shaida ta ɓace. Don haka kai ne za ka tattara shaidar a mintuna biyun farko.

A daidai lokacin da ta fara shiƙewa, kafin ka taka kuloci, ka kalli agogon juyin inji. In allurarsa ta faɗi ƙasa tim alhali motar tana gangarawa cikin giya injin yana juyawa, wuta ce ta yanke a ɓangaren kwayil, kwantak, kwandansa ko makunni. In allurar tana sauka a hankali tare da injin, to ko mai ne ya yanke, ko wutar tana ɓacewa bayan ta fita daga kwayil. Yadda ta mutu ma magana ce: yankewar wuta farat ɗaya take zuwa, yankewar mai kuwa sai ta yi tari, ta ja, ta saki, ta sake ja, sannan ta mutu.

Da ka tsaya, ka bar makulli a kunne ka kasa kunne ta bayan kujera. Famfon mai na SU yana ƙarƙashin motar ta baya, kusa da akwatin batir, kuma yana da ƙara tik, tik. In yana bugawa da sauri ba tsayawa, yana jan iska ne ko tururi. In ya yi tsit, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukudireba. In ya farka ya shiga bugawa, ka kama ɓarawon: yana da nasa kwantak a ciki, kuma yakan yi datti ya maƙale, musamman a motar da ta daɗe a ajiye. Daga nan ka buɗe murfin tanki a hankali. In ka ji ya ja iska fuu, murfin ba ya numfashi. Ana yawan sa murfi mai kyan gani wanda ba shi da hudar iska a motar da ke buƙatar mai huda, tanki ya riƙa tsukewa har famfo ya kasa ja, in an tsaya iska ta sulala ciki a hankali, mota ta tashi. Haka kuma tankin da aka fente bayansa aka bar cikinsa da tsatsa: ɓarɓashin yana taruwa a bakin bututu muddin famfo yana ja, in an kashe ya zube ƙasa, in an tashi ya sake taruwa. Ƙaramar matatar mai mai gilashi kafin kafireta za ta nuna maka wannan da idonka. A gida kuma ka cire tiyon mai daga kafireta ka sa a gwangwani, ka kunna makulli: lafiyayyen famfo ya kamata ya ba ka aƙalla rabin lita a minti ɗaya, ba tare da kumfa ba.

In mai yana zuwa, sai wuta. Ka zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba, bakinta ya yi kusan milimita 6 da jikin inji, nesa da duk inda fetur ya zuba, wani ya murza makulli. In ta ba da tartsatsi mai ƙarfi a nan amma babu a wayoyin filogi, rota ne ko murfin. In babu ko a nan, ka koma kan kwandansa, kwantak da kwayil. Ka taɓa kwayil: ɗumi daidai ne, amma in ba ya taɓuwa don zafi, ka auna shi. Motar 1969 tana son kwayil mai kusan om 3. MGB na ƙarshe-ƙarshe masu bamban roba suna amfani da mai kusan om 1.5, tare da wata waya mai rage masa wuta. A ido kamarsu ɗaya. In aka sa mai om 1.5 a motarka, zai sha wuta ninki, ya yi zafi, ya ƙone kwantak, ya mutu bayan rabin sa'a, ya farfaɗo in ya huce. Wannan kuskure ne da nake yawan tararwa a motocin da aka haɗa da kayan shekaru daban-daban.

Akwai abubuwa biyu na wannan injin da ya kamata ka leƙa. Bawul ɗin ruwan hita yana zaune a saman distiributa daidai, in ya fara ɗiga a kanta yake ɗiga. Ka duba ko akwai farin tabo ko kore a ƙarƙashinsa. Na biyu, kafiretocin suna zaune a kan bututun hayaƙi ne, gefe ɗaya, abin da ya raba su kawai wani faifan ƙarfe ne mai shafin kariyar zafi a bayansa. Sau da yawa ana wanke faifan a fente shi a mayar ba shafin. Sai fetur ya riƙa tafasa a kofunan kafireta, mota ta yi ta gardama in an tsaya a cunkoso, ko ta ƙi tashi minti goma bayan an kashe ta da zafi.

Maganar batir kuma, a nan fenti mai kyau yake yin ɓarna. Wutar mota tana fita ta waya, amma ta jikin ƙarfen motar take komawa batir. Mai fenti ya lulluɓe ko'ina da fenti mai kauri, mai haɗawa ya zo ya ɗaure wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta bodi, a kan fentin, noti ya ɗauru tamau amma ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Daga nan ake samun abubuwan da ke sa mutum ya ɗauka motar tana da aljanu: ka taka birki sigina ta kama, ka kunna fitila gejin mai ya sauka, kik ya riƙa juyawa da ƙyar alhali batir cike yake. Wani lokaci ma an manta da faffaɗar wayar da ke haɗa inji ko giyabos da bodi gaba ɗaya, sai wutar kik ta nemi hanya ta wayar cok ko ta totur, har su yi zafi. In ka taɓa wayar cok bayan ka murza makulli ka ji ta da ɗumi, ka san inda za ka nufa. Maganin ba shi da tsada, haƙuri yake so: a bi duk inda baƙar waya ta sauka a bodi, a kankare fentin har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure, a shafa ɗan giris a kai don tsatsa.

Motarka tana da batir biyu masu bolt 6 a bayan kujeru, ƙarƙashin wani murfi, an haɗa su da waya a tsakani, sai dai in an mayar da ita batir ɗaya mai bolt 12. Saboda wurin yana da wuyar kai hannu, ba a cika duba su ba. Ka sayi ƙaramar mitar auna wuta, za ta fi maka amfani fiye da rabin kayan da ka saya. Batir cikakke da ya huta zai nuna kusan bolt 12.6. In inji yana aiki an ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga wajen bolt 14. In bai kai ba, ka duba fambel, sannan ka duba jar fitilar caji da ke gabanka: dole ta kama in ka kunna makulli, ta mutu in inji ya tashi, domin ta cikinta altaneta ke samun wutar fara aiki. In ƙwan ya ƙone, ko an musanya shi da irin na zamani mara cin wuta, altaneta na iya ƙin caji. In caji lafiya yake amma batir na sauka a ajiye, wani abu ke shan wuta a ɓoye. Mota irin wannan, in an kashe ta, kusan ba abin da ya kamata ya ja wuta. Sabuwar rediyo, fitilar but da ba ta mutuwa, ko altaneta da ta lalace ta ciki, su ake fara zargi. Ka kuma lura da fis: na kamfanin Lucas da aka rubuta wa 35 yana ɗaukar amp 17 ne a ci gaba, 35 ɗin inda yake ƙonewa ne. Wanda ya sa fis mai 35 na lissafin zamani a gurbinsa ya bar wayoyin ba kariya.

Birki shi ne abin da ba zan so ka sake fita da motar ba sai an gama da shi. MGB da yawa na wancan lokaci layin man birki ɗaya gare su, ban da waɗanda aka kai Amurka daga 1968, in ya fashe a wuri ɗaya ƙafafu huɗu sun tafi. Birkin da ke kamawa yana dafa man, man da ya tafasa kuwa ba ya riƙe feda. Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin da ƙafar ta kama, a ɗaga ta, a ɗan sassauta notin fitar da iska na wannan ƙafar. In mai ya yi tsartuwa taya ta saku nan take, matsi ne ya maƙale a layi. In ƙafa ɗaya ce, tiyon roba ne ya kumbura ta ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barin ya dawo, ko da bayansa yana sheƙi. In duka ƙafafun ne, a duba masta, wato famfon man birki da feda ke turawa: sau da yawa an ɗaure feda ba a bar mata ɗan wasa ba, ƙaramar hudar da mai ke komawa ta toshe. In an sassauta notin taya ba ta saku ba, fistin birkin ne ya yi tsatsa ya cije. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Ka tambaya ko DOT 5 aka zuba mata, wanda ba ya haɗuwa da waɗancan. Tunda kana ƙasa, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT na jikin taya: 2314 yana nufin mako na 23 na 2014. Sabuntawa takan ɗauki shekaru, tayar da aka saya a farkon aikin ta tsufa tun ba ta taɓa kwalta ba.

Zafin inji, kafin komai ka tabbatar gejin gaskiya yake faɗa, da ma'aunin zafi na hannu. In da gaske ne, ka duba taimin, domin wutar da ta makara tana dafa inji. Sannan ka tuna cewa an fi wanke bayan inji fiye da cikinsa: laka da tsatsar shekara hamsin suna kwance a hanyoyin ruwa, sabuwar lagireto ta zo, su tashi su cika ta. Kada ka bari a cire tamostat a ce an yi magani. A sa mai digiri 82, a wanke hanyoyin ruwa gaba da baya, a tabbatar murfin lagireto yana riƙe matsi. Allura ta ɗan haura a cunkoso ta dawo in an kama hanya, wannan halin fankar da inji ke juyawa ne, ba ciwo ba ne.

Ɗigar baƙin mai ba zan ce maka za ta ƙare ƙaf ba. Injin da aka zana da gaskit na toto ba ya bushewa kamar na yau. Ɗigo biyu ko uku bayan tafiya ba komai ba ne. Abin da ya wuce haka, a wanke injin tas, a yi gajeriyar tafiya, a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe, don mai daga sama yake gangarowa. Galibi murfin bawul ne da aka matse har ya lanƙwashe, ko murafe biyu na gefen inji, ko bututun numfashin inji da ya toshe har matsi ya riƙa tura mai ta ko'ina.

Akwai kuma abin da ba laifin mai sabuntawa ba ne: man da aka ƙera motar dominsa babu shi yanzu. Fetur mai dalma, wanda ke kare mazaunin bawul a kan silinda na baƙin ƙarfe, an hana shi a motocin Amurka a 1996, a Birtaniya a 2000, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi a 2021. Ka tambaya ko an sa wa bawul ɗin hayaƙi mazauni mai tauri. In ba a sani ba, ka riƙa auna tazararsu, in tana raguwa duk aunawa, mazaunin ne ke cinyewa. Fetur na yau a ƙasashe da yawa yana da itanol har kashi 10 cikin 100. Itanol yana jan danshi, yana cin tsohuwar roba, yana kuma saurin tafasa. Duk tiyon fetur ya zama mai lambar R9 daga hannun da ka amince da shi, ka kuma riƙa lanƙwasa shi kana duba tsaga, domin tiyon da ya tsage a saman bututun hayaƙi gobara ce. Abin kashe gobara ya zauna inda hannunka zai kai daga kujera. Baƙin mai ma haka: na motocin zamani an rage masa sinadarin ZDDP da irin wannan injin ke buƙata don kare sandar da ke buɗe bawul. Ka nemi 20W-50 da aka yi don tsofaffin injuna.

Na lura ka ce tana kwana a ajiye. Da yawa daga abin da muka ambata ciwon zama ne: famfon da ya maƙale, fistin birki da ya cije, fetur da ya tsufa ya bar danƙo a kafireta, batir da ya sauka. Abin da ke faruwa shi ne mota ta ba mutum kunya sau biyu, ya ji tsoron fita da ita, ya ajiye, zaman ya ƙara mata wasu cututtukan, in ya sake fita ta sake ba shi kunya. Tayar da ita a gareji minti biyar ba ya maganin wannan, yana ma tara ruwa a salansa da cikin mai. Tana son tafiyar da za ta kai mai ya yi zafi sosai, kamar rabin sa'a, ko da sau ɗaya a mako. Bayan an gama da birki, ka zaɓi gajeriyar hanya da ke zagayowa kusa da gida, ka yi ta bin ta da kayan aiki a but da lambar mai jan mota a wayarka. Duk abin da ya nuna kansa ka rubuta, ka gyara, ka faɗaɗa zagayen. Kada ka ɗora mata alƙawarin da ba ka son saɓawa, ko ka ɗauki iyali tafiya mai nisa, sai ta yi maka mil ɗaruruwa a jere ba tari. Za ka ga matsalolin suna zuwa da yawa a farko, sannan tazarar da ke tsakaninsu tana ƙara tsawo.

Game da sa mata kayan zamani, ra'ayina a tsakiya yake. Na'urar wuta ta lantarki a madadin kwantak tana da amfani, amma bayan an gano ainihin matsalar, kuma ka ajiye kwantak da kwandansa masu lafiya a but, don ita in ta mutu ba a gyara ta a gefen hanya. Rile a kan manyan fitilu, ƙarin fis, da makunnin yanke batir, duk ina goyon bayansu. Abin da ba na so shi ne a sa fankar lantarki don a rufe lagireto da ta toshe, ko a canza kafireta don an kasa daidaita SU, alhali SU tana cikin kafiretoci mafi sauƙin sha'ani in sandar totur ɗinta ba ta cinye ba. Ka nemi bakaniken da ya saba da kwantak da kafireta, wanda in ka kawo masa mota mita yake fara ɗaukowa, ba jerin kayan da za ka saya ba.

Saura tambayarka ta ko an cuce ka. Amsarta tana ƙarƙashin ƙofofi. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa, kuma a mara rufi dokin ƙofar nan na hagu da dama shi ne ƙashin bayan motar. Ƙarfe ne hawa-hawa, na waje da na tsakiya da na ciki, kuma daga ciki yake ruɓewa. Mai ha'inci yakan ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓe ya shafe da fila ya fente. Ka duba tazarar ƙofa da bodi, ta zama daidai sama da ƙasa. Ka sa jak a mazauninsa ka ɗaga motar kaɗan, ka buɗe ƙofa ka rufe: in ta fara cijewa ko tazarar ta canza, motar tana lanƙwashewa. Ka bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin gaba da ƙaramin maganaɗisu a naɗe da ƙyalle, inda ya ƙi kamawa fila ce. Ka ɗaga kafet ka ga ƙasan, ka leƙa inda sifirin baya ya kama bodi, ka nemi hotunan aikin kafin a yi fenti. In waɗannan wurare ƙarfe ne mai lafiya, ka riƙe motarka, duk sauran abin da ka lissafa aikin 'yan makonni ne da kaya marasa tsada. In kuwa ka tarar da ruɓa a ƙarƙashin sabon fenti, lissafi ya canza: gyaran yana nufin yanke ƙarfe da sake fenti, ko sayen sabon bodi irin wanda kamfanin British Motor Heritage ya fara bugawa da injunan asali tun 1988. A wannan halin ka sa wanda ya san aikin bodi ya rubuta maka abin da ya gani dalla-dalla, da hotuna, kafin ka koma wa wanda ya sayar maka, kuma kafin ka sake kashe ko kwabo a kan injin.